Abba, ga amsar tambayarka kan ƙirga zanen baƙaƙen Sinanci

Assalamu alaikum, Abba. Saƙonka ya iso ni tun daren Laraba, ban dai so in ba ka amsa a tsaitsaye ba ne. Ina fata kana lafiya, sanyin Wuhan bai kayar da kai ba, kuma kana kula da salla a kan lokacinta.

Da na karanta tambayar sai da na yi dariya har Hajiya ta leƙo daga tsakar gida tana tambayar lafiya. Da na sake karantawa kuma, sai dariyar ta tsaya. Ka ce malamarku ta Sinanci ta sa kun sayi littafin rubutu mai gida-gida, kuna rubuta kowane baƙi zane bayan zane bisa jeri, wanda ya faro daga ƙasa ko daga dama sai ta sa ya goge. Ta kuma ce lallai ku haddace abin da suke kira bushou, wato tushen baƙi, ku iya nemo baƙi a ƙamus na takarda. Kai kuwa kana da manhajar ƙamus ta Pleco a waya, da ka haska kyamara a kan rubutu sai ma'ana ta fito. Shi ne kake tambayata ko wannan al'adarsu ce kawai ta girmama magabata, ko camfi ne, kuma in baƙo ya ƙi bi, za su ga ya yi rashin kunya? Har ka ƙara da cewa abokinka ɗan Japan ya ce su ma haka aka yi musu tun suna firamare.

Camfi! Allah ya shirye ka, Abba.

Bari in fara da wanda ka ci sunansa. Malam, Allah ya jiƙansa, yana da Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi, a gafaka yake ajiye shi, ba kowa ke taɓawa ba. In kalma ta shige wa almajiri duhu a zaure, ba ya barinsa ya buɗe littafin nan take. Sai ya ce, “Fara tuɓe mata riga tukuna.” Wato a cire baƙaƙen ƙari a bar uku na asali. In maktubu ce, a zubar da mim da wau, saura kaf da ta da ba. Sannan a tafi babin baƙin ƙarshe, a nemi faslin baƙin farko, domin haka aka tsara littafin. Almajirin da ya tafi neman maktubu a ƙarƙashin mim, zai yini yana juya takarda. Malam yakan ce, wanda bai san uwar kalma ba, in ka ba shi ƙamus ka ɗora masa kaya ne kawai. A lokacin muna ganin tsanani ne irin nasa. Ban san cewa wannan maganar za ta bi ni har bangon duniya ba.

Na sauka Beijing a 1982, aka kai mu Kwalejin Koyon Harsuna ta Beijing mu yi shekarar harshe kafin a rarraba mu jami'o'i. Babbar damuwata a makonnin farko ba karatu ba ce, abinci ne. Wani ɗan Sudan da ya riga mu zuwa ya zana mini baƙaƙe biyu a 'yar takarda, 清真, ya ce duk inda na ga wannan a ƙofar shago in shiga in ci, na Musulmi ne. Ya kuma gargaɗe ni cewa in na ga baƙin nama, 肉, shi kaɗai a jerin abinci, babu na sa ko na tunkiya a gabansa, to alade ake nufi. Wannan gargaɗin har yau yana aiki, ka riƙe shi. Takardar nan a aljihu nake yawo da ita ina gwadawa da allunan shaguna, kamar yadda kai ma yau kake gwada wayarka. Na san kamannin baƙaƙen, amma in ka karɓe takardar ka ce in rubuta su, ba zan iya ba.

Wata Juma'a, farkon hunturu, na kama hanyar masallacin Niujie, wato Titin Shanu, unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui. Daga makarantarmu da ke arewa maso yammacin gari tafiya ce mai nisa, bas bayan bas. Lokacin ne ake jibge kabeji a bakin titi kamar dala, kowane gida na saye yana tarawa don hunturu, hayaƙin kwal ya rufe lunguna. Masallacin nan an ce tun shekarar 996 aka kafa shi. Daga waje sai ka rantse fadar wani sarkin Sin ce, rufin tayil mai lanƙwasa, ginshiƙai jajaye, sai ka shiga ka ga ayoyi an rubuta su da alƙalamin gashi, Larabci ne amma hannun Sinawa ne. Akwai wata 'yar hasumiya da suke hawa duban wata. Na yi alwala da ruwan ɗumi daga buta, na shiga sahu, liman ya karanta Fatiha, sai na ji hawaye, don rabona da jin wani abin da na gane daga farko har ƙarshe tun a filin jirgin sama na Kano.

Bayan an sallame, wani tsoho mai farar hula da ɗan gemu ya kama hannuna bai saki ba. Sinancina a lokacin bai wuce gaisuwa da ƙirga kuɗi ba, shi kuma yana da ɗan Larabcin masallaci, ni ma haka, da su muka lallaɓa. Ya ja ni cikin wani lungu har ɗakinsa, ɗaki ɗaya ne da murhun kwal a tsakiya, buta na huci a kai. Aka kawo shayi a kofi mai murfi, da gurasa mai riɗi, da romon tunkiya. Da ya gane cewa nama nake nema wanda zan riƙa saye, sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta mini sunan wani shago da lungun da yake. Rubutun hannu ne irin na manya, mai gudu, zane ya shiga cikin zane. Na duba, na fito da ɗan ƙamusina na Xinhua daga aljihun kwat, na rasa ta inda zan fara.

Tsohon nan bai karanta mini ba. Ya ajiye kofinsa, ya buɗe tafin hannuna na hagu, ya sa yatsansa ya fara rubuta baƙin farko a kai a hankali, yana ƙirgawa da baki: yi, er, san, wato ɗaya, biyu, uku. Ɗigo, ɗigo, sai ɗan zane mai tashi sama. Ya tsaya, ya nuna butar da ke kan murhu, ya ce “ma'un”. Ruwa. Waɗannan ukun da ke gefen hagu su ne tushen, Sinawa na ce musu san dian shui, ɗigon ruwa uku. Ya ci gaba da na dama yana ƙirgawa har takwas. Sai na ga ashe baƙin da ke aljihuna ne, 清, na kasa gane shi ne don an rubuta shi da gudu. Daga nan ya kira jikarsa, yarinya da ba ta wuce aji biyu ko uku a firamare ba, ya miƙa mata ƙamusina. Ina kallo ta buɗe shafin tushe, ta sa yatsa a rukunin masu zane uku, ta samu ɗigon ruwa, lambar da ke gefensa ta kai ta wani jeri, ta gangara zuwa masu saura takwas, ta ga baƙin, lambar gefensa ta kai ta shafin ma'ana. Kafin in kurɓi shayi sau biyu ta gama, ta miƙo mini da hannu biyu.

Shi kuma tsohon bai gaji ba. Ya ɗauki takarda ya rubuta ɓangaren daman nan, 青, sau huɗu a jere, sannan ya riƙa sauya masa maƙwabci a hagu. Ya sa masa rana, ya zama 晴, garin da ya washe. Ya sa masa zuciya, ya zama 情, abin da rai ke ji. Ya sa masa magana, ya zama 请, roƙo ko gayyata. Ya sa masa ido, ya zama 睛, ƙwayar ido. Ukun farko duk qing ake faɗa, muryar ce ke bambanta, na ƙarshen jing. Hagu na nuna maka dangin ma'ana, dama na raɗa maka yadda za ka furta. A zaune a kan ɗan bencin nan na ji kamar an ɗage mini labule. Makonni ina ganin rubutun nan kamar tarin ƙaya, ashe gini ne, kowane yanki da aikinsa. Daga baya malaminmu ya faɗa mana cewa mafi yawan baƙaƙen Sinanci, sama da kashi 80 cikin 100, haka aka gina su.

Baƙi na biyu, 真, ya ba yarinyar ma ɗan aiki, don ba shi da hagu da dama da za ka raba. A ƙamusina yana ƙarƙashin 十 da ke bisa kansa. Tsohon ya girgiza kai ya ce a littattafan da, a ƙarƙashin ido yake, 目. Ka ga ke nan har su ma ba ko'ina tsarin ke tafiya sumul ba, shi ya sa a ƙamus ɗin akwai wani jeri na daban na baƙaƙen da tushensu ke wuyar ganewa, waɗanda sai da ƙirgan zane kawai ake samunsu.

Da zai raka ni tasha, muna tafe a lungu, sai ya sunkuya da ƙyar, da tsufansa, ya ɗauki wani yagaggen shafi da ke kwance a laka. Na ɗauka ko aya ce a jiki. Ba aya ba ce, aikin makarantar wani yaro ne. Ya share shi da hannun riga, ya ninke, ya sa a aljihu. Ban fahimci duk abin da ya faɗa ba a ranar, sai da na tambayi malaminmu. Ya ce a zamanin daulolin Ming da Qing akwai ƙungiyoyin da ke ɗaukar mutane su bi titi da kwando suna tsince duk takarda mai rubutu, a ƙone ta a wani murhu da aka gina musamman don haka, tokar kuma a kai kogi ko teku. Ba a taka rubutu, ba a naɗe kaya da shi. Kai ka san abin da na tuna. Kakarka, Allah ya yi mata rahama, ba ta iya karatun boko ba, amma ba ta taɓa tsallake takarda a ƙasa ba, sai ta ɗauka ta soka a katanga, ta ce ba a san abin da ke ciki ba. Tun da na dawo ban sake ganin tsohon nan ba, na koma Niujie bayan shekaru na tarar an rushe lungunan an yi benaye. Allah ya saka masa da alheri in yana raye, in ya rigaye mu Allah ya jiƙansa.

To, ka ce al'ada. Akwai al'ada a ciki, ba na musu, don abin ya daɗe. Wajen shekara ta 100 miladiyya wani malami mai suna Xu Shen ya tattara baƙaƙe 9,353 ya rarraba su a ƙarƙashin tushe 540. A 1615 Mei Yingzuo ya rage su zuwa 214, ya jera su bisa yawan zane. Sarki Kangxi ya ba da umarni a yi babban ƙamus, aka gama a 1716 da baƙaƙe sama da 47,000, a kan waɗannan 214 ɗin. Ƙaramin Xinhua da kowane ɗan makaranta ke riƙewa ya fara fita a 1953, nawa yana da tushe 189, na yanzu 201. Amma ka tambayi kanka, me ya sa suka sha wannan wahalar? Rubutun da ba shi da a, ba, ca, in ka ga baƙin da ba ka san furucinsa ba, ta ina za ka neme shi? Pinyin, wato rubuta furucin Sinanci da baƙaƙen boko, da kuke bugawa a waya sai a 1958 aka amince da shi, kuma ko shi ba ya amfanin wanda bai san yadda ake faɗin baƙin ba.

Jerin zanen da malamarku ta nace a kai, daga nan ya samo asali. Dubi baƙin baki, 口. Idonka zai ce maka zane huɗu ne. Uku ne, domin na sama da na dama ja ɗaya ake yi musu ba a ɗaga alƙalami. Wanda bai koyi jeri ba zai ƙirga huɗu, ya je rukunin huɗu, ya yi ta nema har asuba. Sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, na kwance kafin na tsaye, in kuma akwati ne kamar 回, a shigar da na ciki kafin a ja na ƙasa. Malaminmu yakan ce a bari mutum ya shiga ɗaki sannan a rufe ƙofa. Kuma rubutu mai gudu irin na tsohon nan, ba siffarsa ake karantawa ba, tafiyar hannun ake bi. In hannunka bai taɓa bin hanyar ba, idonka ba zai gane sawun ba.

Ni ma ina da Pleco ɗin nan a wayata, ƙanwarka ce ta saka mini, kuma abu ne mai kyau ƙwarai, da muna da shi a 1982 da mun gode wa Allah. Abin da ke damuna daban ne. Kwanakin baya wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya zo mini da rasit da aka rubuta masa da hannu a Guangzhou, tare da ɗansa da ya yi shekaru yana karatu a can, yana jin Sinanci a baki kamar ruwa. Yaron ya haska waya, ya sake haskawa, waya ta kawo shirme. Kuɗin an rubuta su ne da manyan baƙaƙen lissafi, irin 壹 da 贰 da 叁, wato ɗaya, biyu, uku, waɗanda ake sa wa a rasit da cek don kada wani ya ƙara zane ɗaya ya mai da ɗaya biyu. Yaron ya tsaya yana kallon takarda, ubansa na kallonsa. Na ji masa kunya, na kuma ji wa uban ciwo, don ya sayar da abin da ya sayar kafin ya tura shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Malam yakan ce ilimi a ƙirji yake, ba a takarda ba, kuma shi takarda yake nufi, wadda ba ta mutuwa don an ɗauke wuta. Kayan aro ba ya rufe katara, Abba. Ku yaran yanzu kun fi mu kaifin kai, na yarda, amma ba ku iya zama da abin da ba ku sani ba ko na minti biyar. Da ya yi muku duhu sai aljihu.

Kada kuma ka ɗauka ku baƙi kaɗai abin ya shafa. Sinawa da kansu suna kuka, har suna da sunan da suka ba cutar, ti bi wang zi, ka ɗaga alƙalami baƙi ya gudu. Mutum ya gama jami'a, a ce ya rubuta atishawa da hannu ya kasa, don shekara da shekaru waya ke zaɓar masa. A 2013 gidan talabijin na ƙasarsu har gasar shifta ya shirya wa 'yan makaranta, manya na kallo a gida suna gwada kansu. Malamarku ta san wannan, shi ya sa take sa ku goge.

Batun abokinka ɗan Japan, gaskiya ya faɗa maka. Mun zauna da Japanawa a aji, suna ba mu mamaki, a ba su shafi su gane rabin ma'anarsa tun ranar farko amma ba su iya furta ko ɗaya da Sinanci ba. Ɗaya daga cikinsu ya nuna mini ƙamusinsa na kanji, wato baƙaƙen Sinanci da suke rubutu da su, na ga tushe 214 ɗin nan na Kangxi ne a ciki, ɗigon ruwa ukunmu su sanzui suke ce masa. Nasu ma ya fi wuya ta wani fannin, don baƙi ɗaya na da furuci biyu ko fiye, na aro daga Sin da na gida, ruwa ya zama sui a nan, mizu a can. Gwamnatinsu ta ƙayyade 2,136 na amfanin yau da kullum a 2010, yaro kuma kafin ya bar firamare sai ya koyi 1,026. Suna da wani malami, Morohashi Tetsuji, da ya kwashe rayuwarsa a kan ƙamus guda. Wutar bama-baman Tokyo ta 1945 ta cinye kayan ɗab'in aikin, idonsa kuma ya kusa tafiya gaba ɗaya, bai bari ba har aka kammala juzu'i 13 a 1960. Ka tambayi abokin naka ya nuna maka shafin Jisho a intanet, inda kake taɓa yanki biyu ko uku da ka gane a jikin baƙi, ba lallai tushen ba, sai ya tace maka har ya rage kaɗan. Wannan dabarar ta burge ni, ta cire wahalar irin su 真 ɗin nan. Amma dai ka lura, sai ka iya ganin yankunan kafin ka san wanda za ka taɓa.

Ko za su ga rashin kunyarka in ka ƙi? Baƙo ne kai, babu wanda zai tare ka a hanya. Wataƙila wani dattijo ya ga kana jan zane daga ƙasa zuwa sama ya kau da kai kawai, kamar yadda Malam ke yi in ya ga mutum ya karɓi abu da hagu. Abin da ke bayan wannan kau da kan, kai ne za ka zauna da su ka gane shi, ni na daɗe da barowa, kuma Sin ta yau ba ita ce wadda na sani ba.

Ka shiga kantin littattafai ka sayi Xinhua ƙarami, kuɗinsa bai kai na kwanon taliya biyu ko uku ba. Ka nemo mini 清 da 真 da hannunka, waya na aljihu, ka rubuto mini lambar shafin da ka same su da tushen da ka bi. Ka kuma ɗauko mini hoton shafi ɗaya na littafinka mai gida-gida in ga hannunka. Ka gaishe da malamar taku, ka ce mata Baffanka ya gode. Babanka ya zo jiya, ya ce kuɗin da ka ce a tura sai ƙarshen wata. Hajiya na tambaya ko yajin da ta ba ka ya ƙare, akwai mai tafiya Guangzhou bayan sati biyu, in akwai wanda zai karɓar maka a can ka turo lambarsa.

Naka,
Baffa